Ko Dabba Tana Gane Nuni da Yatsa?

Dukanmu mun taɓa ganin wannan a gida. Mu zuba wa kaji tsaba a bayan rumbu, mu miƙa hannu muna nuna masu wurin, su kuwa hannun kawai suke kallo. Amma maharbi a dajin Ikara yakan miƙa hannu wajen wani kurmi, karensa ya ruga can nan da nan. Me ya kawo wannan bambanci?

Nuni ba ƙaramin abu ba ne. Kafin a ce an gane shi, dole mai kallo ya ɗauke idonsa daga yatsa ya kai shi kan abin da yatsan ke nufi. Jariri yakan fara nuni wajen shekara 1 da haihuwa, tun bai iya magana ba.

Masana sun gwada dabbobi ta hanya mai sauƙi. Sai a kife ƙwarya 2, a ɓoye abinci a ƙarƙashin ɗaya ba tare da dabbar ta gani ba, a nuna mata wadda ke da abincin, a sake ta ta zaɓa. A 1998 Adam Miklosi da abokan aikinsa a ƙasar Hangari sun tarar karnuka suna bin nuni. A 2002 Brian Hare da Michael Tomasello da abokansu suka nuna cewa karnuka sun fi kyarketai, sun kuma fi manyan biran nan da ake kira cimfanzi. Har 'yan kwikwiyo ma sun iya. Ra'ayinsu shi ne, daɗewar kare tare da mutum ta sa wannan ya shiga jininsa. Waɗansu masana kuwa sun ce sabo ne, domin kyarkecin da ya tashi a hannun mutane shi ma yakan koya.

Akuya fa, wadda muke zagi kullum? A 2020 Christian Nawroth ya tarar awaki suna bin nuni idan hannu yana kusa da mazubin abincin, amma idan ya yi nisa sai su rikice. A 2013 kuma Anna Smet da Richard Byrne sun gwada giwaye 11 a Zimbabwe, suka ga suna bin nuni tun daga gwajin farko.

Sai dai a yi hattara. A Jamus an yi wani doki mai suna Hans da aka ce ya iya lissafi. A 1907 Oskar Pfungst ya gano cewa motsin jikin mai tambaya yake karantawa. Saboda haka ɗalibin da zai gwada karen gidansu a lokacin hutu, ya shafa ƙanshin abincin a ƙwarya biyun, ya riƙa sauya gefe, ya maimaita sau 20, ya rubuta sakamako da gaskiya. Idan kare ya dace sau 10 kawai, to, sa'a ce.

Abin da za mu riƙe shi ne, dabbar gida tana kallonmu fiye da yadda muke zato, amma kowace iri da iyakar ganewarta. Shanun noma a Kudan, da jakin da ke ɗauko rake daga fadamun Makarfi, sau da yawa ba taurin kai suke yi ba. Alamar da muka ba su ce ba su gane ba, mu kuwa sai mu ɗaga bulala. Dubi yadda Bafulatani yake juya garke da murya da sanda, alama iri ɗaya kullum, har shanu su saba. Allah ya ba mu amanar waɗannan halittu. Kafin mu doki dabba, bari mu fara tambayar kanmu ko mun nuna mata abin da muke so ta hanyar da za ta iya ganewa.