CIWON WUYA DA YADDA AKE MAGANINSA DA HANNU

Hausawa suna cewa lafiya uwar jiki. A wannan yanki namu na Funtua da Malumfashi, wuya yana cikin sassan jikin da suka fi shan wahala. Da damina manomi yana yini sunkuye a kan fartanya. Da kaka mata da yara suna ɗauko masara da dawa da auduga a ka daga gona, 'yan dako kuma suna jigilar buhuna a kasuwanni irin ta Dandume. Mu ma na makaranta ba mu tsira ba, domin ɗalibi yana duƙufa a kan littafi ko wayar hannu, malami kuma a kan takardun jarrabawa.

Wata shekara bayan girbi, wani yayana ya wayi gari ba ya iya waiwaye. Aka yi masa ƙaho, bai ji sauƙi ba. Sai wani mai tausa ya kama kansa ya murɗa da ƙarfi har ya yi ƙara, ciwon kuwa ya ƙaru. Da muka je asibiti aka ɗauki hoton wuyan, likita ya ce babu karaya, babu gocewa, ya tura mu sashen gashin ƙashi. Abin da na koya a can shi ne nake so in bayyana muku.

A cikin wuyan mutum akwai ƙasusuwa 7 a jere, wani bisa wani. Tsakaninsu akwai guringuntsi da ƙananan gaɓoɓi, laka tana ratsawa ta tsakiya, tsokoki kuma suna riƙe da su. Wannan ɗan ginin shi ke ɗauke da kai, wanda nauyinsa ya kai wajen kilo 5, kafin ma a aza masa gammo da kaya. Yawancin masu ciwon wuya, ko an bincika ba a samun wata cuta takamaimai. Gaɓoɓin ne suka ƙage, tsokokin suka ɗaure saboda gajiya, ko zama a yanayi guda, ko mummunan kwanciya. Irin wannan ciwo shi muke magana a kai.

Amma kafin a taɓa wuyan kowa, dole a tabbata ba wani babban ciwo ba ne. In wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, musamman da bazara, to a garzaya asibiti nan take, domin yana iya zama sanƙarau. Iyayenmu ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Haka kuma in ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur ko itace, ko hannu ya mutu, ko ƙafafu suna harɗewa, ko mutum yana ramewa yana gumin dare. Waɗannan duk aikin likita ne, ba na tausa ba.

In an kawar da waɗannan, sai mai gashin ƙashi ya shiga aikinsa. Mutane da yawa suna zaton aikinsa gasa jiki da na'ura ne kawai, alhali babban makaminsa hannunsa ne. Yana kwantar da majinyaci, ya bi ƙasusuwan wuya ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, har ya gano gaɓar da ta ƙage. Sai ya riƙa danna ta a hankali yana saki, kamar mai lallashin jariri, na ɗan lokaci kaɗan. Daga nan ya ce wa majinyacin ya waiwaya, a ga ko an sami ci gaba. Wani masani ɗan ƙasar Ostareliya, Geoffrey Maitland, ya tsara wannan hanya a littafin da ya fitar a 1964, ya kasa ta mataki 4. Na ɗaya da na biyu masu taushi ne, don rage zafi. Na uku da na huɗu suna kai gaɓa iyakar motsinta, don ta saki.

A nan ne bambancin yake da abin da aka yi wa yayana a gida. Wannan motsi a hankali ake yinsa, majinyaci kuma yana iya cewa a dakata a kowane lokaci. Fizgar wuya kuwa farat ɗaya ce. Akwai jijiyoyin jini guda biyu da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ba, amma fizga tana iya yi musu rauni har ta jawo shanyewar ɓarin jiki. Ƙarar da ake ji kuma ba alamar ƙashi ya koma wurinsa ba ce. Don haka, ɗalibai, ku daina wasan murɗa wa juna wuya a ɗakin kwana.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, hannu kaɗai ba ya wadatarwa. Binciken masana ya nuna cewa an fi samun sauƙi in an haɗa aikin hannu da motsa jiki. Hannun gwani yana rage zafi ya sassauta gaɓa, amma ƙarfin tsoka majinyaci ne zai gina shi da kansa. An koya wa yayana ya riƙa jan haɓarsa baya a hankali, ya waiwaya dama da hagu, ya haɗa allunan kafaɗarsa ta baya ya saki, safe da yamma. Da farko ya raina abin, yana cewa ina allura, ina ƙwaya? Amma kafin shuka ta gaba ya koma gona.

Ana samun sassan gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959. Wanda ke fama da wannan ciwo ya fara zuwa asibitin garinsu, likita ya duba shi ya ba shi takarda. Ma'aikatan wannan fanni suna da hukumar da ke yi musu rajista, saboda haka ba laifi ba ne ka tambayi mai son taɓa wuyanka inda ya yi karatu.

A ƙarshe, rigakafi ya fi magani. A raba kaya gida biyu maimakon a ɗora wa yaro abin da ya fi ƙarfinsa. Mai karatu ya ɗaga littafi kusa da fuska, ya miƙe ya motsa bayan kowane rabin sa'a. Kada matashin kai ya yi tudu da yawa, kada kuma a kwanta kwana da kwanaki don wuya na ciwo, domin rashin motsi yana ƙara ƙage shi. Ku da za ku tafi hutu, ku kai wa iyayenku wannan bayani. Allah ya ba mu lafiya.