Kugin Jitar Lantarki: Maganinsa Na Da Sauƙi, Ganganci Kuwa Na Kisa

Duk wanda ya saba halartar bukukuwan aure ko wuraren shaƙatawa a Abuja, tun daga Garki da Wuse har zuwa Kubwa da Nyanya, ya san wani kugi da kan tashi daga lasifika da zarar makaɗa sun jona kayansu, tun kafin a taɓa tsirkiya ko ɗaya. Wani lokaci yakan zo da kauri kamar rurin mota daga nesa, wani lokaci kuma siriri kamar kukan ƙudan zuma. Jama'a da dama sun ɗauka tsufan kaya ne, alhali kuwa galibi wutar wurin ce ke ba da labarin halin da take ciki, kuma a cikin labarin nan har da gargaɗi ga rayukan makaɗan.

Wutar da ake rabawa a Nijeriya mai ƙarfin bolt 230 ce, kuma tana kai da komowa sau 50 a cikin kowace daƙiƙa. Haka take tun zamanin hukumar NEPA da aka kafa a 1972, har zuwa yau da kamfanin AEDC ke rarraba ta a Birnin Tarayya tun daga 2013. Kowace waya da wannan wuta ke bi tana watsa wani ƙarfi na maganaɗisu a kewayenta. Ita kuwa jitar lantarki tana da 'yar na'ura a ƙarƙashin tsirkiyoyinta wadda makaɗa ke kira fikof, watau maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Wannan na'ura ita ce kunnen jitar, kuma ba ta iya bambanta motsin tsirkiya da motsin wutar bango. Duk abin da ta ji sai ta miƙa wa amfilifaya, ita kuma ta ƙara masa ƙarfi.

Matsalar ta daɗe. A shekarar 1955 wani injiniya na kamfanin Gibson a Amurka, Seth Lover, ya nemi rajistar wani fikof mai naɗi biyu da ke fuskantar juna, ta yadda kugin da ɗaya ya kama sai ɗayan ya kashe shi. An soma sa shi a jitar Les Paul a 1957, shi ne ake kira hambaka. Amma makaɗa da yawa sun fi son kaifin sautin fikof mai naɗi guda irin na Fender Stratocaster, jitar da makaɗin nan na Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar, ya shahara da ita. Mai irin wannan jita ya fi kowa fama da kugi.

A Abuja kuwa abubuwa biyu sun ƙara wa matsalar nauyi. Na farko janareta, wadda wutarta ba ta tsayawa daidai, sa'an nan sau da yawa ba a kafa mata sandar ƙarfe a ƙasa. Na biyu kuma jone-jonen gaggawa: doguwar waya mai bakuna huɗu an ɗora mata amfilifaya da fanka da fitilu da cajar wayar hannu, an kuma cusa fulogi mai ƙafa biyu a soket mai rami uku da taimakon tsinke.

Masu gyaran irin waɗannan kaya suna bin sawun kugin ne daki-daki, kamar yadda ake bin sawun ɓarawo. Da farko a cire komai, a jona jitar kai tsaye da amfilifaya. Idan aka rage murfin sautin jitar har ƙarshe kugin ya ɗauke, to daga fikof yake shigowa. Idan bai ɗauke ba, sai a canza igiyar jita da wata gajera mai kyau, wadda ba ta wuce mita 6 ba, kana a duba amfilifayar. Bayan haka makaɗin ya juya a hankali da jitar a wuyansa, domin akwai fuskar da kugin ke raguwa, kuma ya nisanci dogon ƙwan fitila, da inbata, da sitabilaiza, da janareta. Wayar hannu ma a raba ta da aljihun mai kiɗa.

Hannun makaɗin kansa ma'auni ne. Idan ya taɓa tsirkiya ƙarar ta ragu, to wayar ƙasa ta cikin jitar tana aiki, abin da ya rage shi ne a lulluɓe ramin wayoyin da fallen jan ƙarfe, a haɗa shi da ita. Idan taɓawar ba ta canza komai ba, mai yiwuwa wayar da ke zuwa gindin tsirkiyoyin ta tsinke. Idan kuwa ƙarar ƙaruwa ta yi, to an juya wayoyin bakin jitar, sai a kai wa mai gyara.

Akwai kuma kugin da ke tashi idan aka jona amfilifaya a wannan bango, miksa kuma a wancan, sa'an nan aka haɗa su da igiyar sauti. A nan ne ganganci ke shigowa, domin wasu sun gano cewa in aka karya doguwar ƙafar fulogi, watau ta wayar ƙasa, kugin yakan yi shiru. Gaskiya yakan yi shiru, amma ƙafar nan ita ce hanyar da wuta za ta bi ta tsere ranar da wani abu ya lalace a cikin amfilifaya. In babu ita, sai wutar ta hau tsirkiya, ta bi ta ƙirjin makaɗin da zarar leɓensa ko hannunsa ya taɓa makirufo. A ranar 3 ga Mayu, 1972, wuta ta kashe Leslie Harvey, mai jitar ƙungiyar Stone the Crows, a kan dandali a garin Swansea na Birtaniya bayan ya taɓa makirufon da ba shi da wayar ƙasa. A 1976 kuma Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds, ya mutu a gidansa da jita a hannu ta irin wannan hanya.

Maganin da ya dace shi ne a ɗebo wa dukan kayan sauti wuta daga wuri guda mai wayar ƙasa lafiyayya, a ware fitilu da fankoki a wani layin. Idan tilas ne a haɗa da miksa mai nisa, akwai ƙaramin akwati da ake kira DI, wanda ke yanke kugin a kan igiyar sauti ba tare da an taɓa fulogin wuta ba. Janareta a kafa mata sanda a ƙasa mai danshi, musamman da hunturu lokacin da ƙasa ke bushewa. Har ila yau a sa na'urar nan mai katse wuta nan take idan yoyonta ya kai miliamfiya 30.

Saboda haka ya kamata masu ɗakunan biki da shugabannin ƙungiyoyin kiɗa su sa ƙwararren mai gyaran wuta ya auna soket-soket ɗinsu kafin ranar taro. Makaɗin da ya ji ɗan tsikari a leɓensa daga makirufo kuwa, ya ajiye jita nan take har sai an duba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin mai gyara bai kai na likkafani ciwo ba.