Wane man birki ne ke jure zafi?

Direban da ya ɗauko lodi daga Tudun Fulani ya nufi Suleja yana taka birki ba ƙaƙƙautawa. Idan zafi ya yi yawa, man birki kan tafasa, feda ta yi laushi, mota ta ƙi tsayawa.

Don haka duba lambar DOT a jikin gwangwanin man. Sabon DOT 3 yana jure aƙalla digiri 205, DOT 4 kuwa 230, DOT 5.1 kuma 260. Sai dai man yana zuƙar danshi, har juriyar tsohon DOT 4 ta sauko zuwa 155. Akwai kuma DOT 5 daban; kada a gauraya shi da sauran. A sayi rufaffen gwangwani, a canja man duk shekara biyu.