Me ke kai beyar gidajen hutu a lokacin kaka?

Duk shekara idan Satumba ta kama, labaran Amurka kan cika da rahoton beyar ta ɓalle mota ko ta kutsa ɗakin girki a tsaunukan Smoky na jihar Tennessee. Masana suna kiran dalilin haifafajiya, wato matsananciyar yunwar da ke kama dabbar kafin dogon barcin hunturu.

Beyar kan shafe watanni a kogo ko cikin kututturen bishiya ba ci ba sha, kitsen jikinta ne abincinta. Shi ya sa da kaka take wuni tana kiwo, wani lokaci har awa 20 a rana, tana neman kalori kusan 20,000, abin da ya kusa ninka buƙatar mutum sau goma. Ƙwayoyin itatuwan daji ne babban abin dogaronta. Shekarar da suka yi ƙaranci sai ta gangaro gari, hancinta kuwa ya fi na kare jin ƙamshi.

A daidai wannan lokaci baƙi ke cika gidajen katako na haya a kewayen garin Gatlinburg domin kallon ganyaye suna rikiɗa ja da ruwan ɗorawa. Ragowar maiƙo a kan abin gashin nama, ko ɓawon alewa a kujerar mota, ya isa ya jawo ta.

Dokar gandun dajin tsaunukan Smoky ta hana kusantarta ƙasa da yadi 50, ta kuma hana ba ta abinci. Abin takaici, dabbar ce ke kwana a ciki: wadda ta saba da abincin mutane takan daina tsoronsu, ƙarshenta jami'ai su kashe ta. Don haka ake buƙatar baƙo ya kulle mota da tagogin ƙasa, ya zuba shara a kwandon ƙarfe mai sakata.