HOTON DA AKE YI DA GILASHI DA FARIN ƘWAI

A yau yaro ƙarami yana iya ɗaukar hoto ɗari da wayar hannu kafin a tashi daga aji. Saboda haka idan muka ce akwai mutane a Turai da Amurka waɗanda suka ajiye kyamarar zamani suka koma yin hoto yadda ake yi shekara 170 da suka wuce, wani ɗalibi zai ce wahala ce kawai suke nema. Bari mu duba aikin tukuna kafin mu yanke musu hukunci.

Hanyoyi biyu ne suke tafiya tare. Ta farko ita ce ta ɗaukar hoton a kan jiƙaƙƙen gilashi, wadda wani Baturen Ingila mai suna Frederick Scott Archer ya bayyana a 1851. Bai yi mata rajista don ya sami kuɗi ba, ya bar wa kowa kyauta, ya kuma mutu matalauci a 1857. Ta biyu ita ce ta juya hoton daga gilashi zuwa takarda da aka shafe da farin ƙwai. Wannan kuwa mutumin Faransa ne, Blanquart-Evrard, ya fito da ita a 1850.

Mu fara da gilashin. Ana goge shi tas, domin ko ɗan maiƙon yatsa zai fito a hoto. Sai a zuba masa wani ruwa mai danƙo da ake kira kolodiyan. Auduga ce da aka jiƙa a asid, aka narkar da ita cikin barasa tsantsa da eta, wato maganin nan da likitocin dā suke shaƙa wa majiyyaci kafin tiyata, aka kuma ƙara gishirin aidin. Mai hoto yana riƙe gilashin da hannu ɗaya, ya zuba ruwan a tsakiya, ya karkata shi zuwa kusurwa huɗu, ya tsiyaye ragowar cikin kwalba. Ba a komawa baya. In hannu ya yi rawa, tabon zai zauna har abada. Daga nan sai ya shiga ɗakin duhu ya tsoma gilashin cikin ruwan sinadarin azurfa kamar minti 3 ko 4. A nan ne azurfa take haɗuwa da aidin, gilashin ya zama mai jin haske.

Yanzu sai tsere da lokaci. Dole a sa gilashin a kyamara, a buɗe murfin na ’yan daƙiƙu, a komo da shi ɗakin duhu, a zuba masa ruwan gishirin ƙarfe don hoton ya fito, duk kafin ya bushe. Minti 10 zuwa 15 ke nan. Da ya bushe, aiki ya lalace. Shi ya sa mai hoto na wancan zamani ba ya rabuwa da ɗakin duhunsa. Roger Fenton ya je yaƙin Kirimiya a 1855 da keken doki wanda ya mayar ɗakin duhu, ya komo da hotuna kusan 360. Francis Frith kuma ya yi aiki cikin tanti a Masar da Falasɗinu daga 1856, ya ba da labari cewa kolodiyan ɗinsa har tafasa yake yi sa’ad da yake zuba shi a gilashi. Ba ƙari ya yi ba. Eta tana tafasa a zafin digiri 35, mu kuwa da muka san ranar watan Afrilu mun san abin da tanti zai zama da tsakar rana.

Abin da ya fito a gilashin nan negatif ne, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Ana wanke shi da ruwan da zai cire azurfar da haske bai taɓa ba, a shanya, a shafe shi da narkakken ƙaro don kada ya ɓanɓare. Sa’an nan a juyo kan takarda.

A nan ne kaza take shigowa. Ana fasa ƙwai, a ware gwaiduwa sarai, a sa gishiri kaɗan cikin farin, a kaɗa shi har ya zama kumfa. Sai a bar shi ya kwanta ya koma ruwa, a tace, a ajiye shi kamar mako guda ko fiye. Warinsa ba daɗi, amma wanda ya daɗe ya fi shafuwa sumul. Ana ɗora siririyar takarda a kan ruwan ƙwan na minti 2 ko 3, a rataye ta bushe, a sāke ɗora ta a kan ruwan azurfa, a shanya cikin duhu. Sai a manna ta da gilashin a fitar da su rana. Hoton yana fitowa ne a hankali da ƙarfin rana kaɗai, mai aikin yana ɗaga gefe ɗaya yana leƙawa, kamar mai duba tuwo. In ya nuna, a wanke, a tsoma cikin ruwan zinariya wanda yake ba shi launin ƙasa-ƙasa mai ɗan shunayya, a tsayar da shi da gishirin da ake kira haipo, a yi ta ɗauraya. Amfanin farin ƙwai shi ne ya toshe ramukan takarda ya riƙe azurfar a sama, hoton ya fito da ƙyalli, ko zaren riga a gan shi. Takardar nan ce ta mamaye duniyar hoto daga wajen 1855 zuwa 1890. Wani kamfani ɗaya a Dresden ta Jamus ya fasa ƙwai fiye da miliyan 6 a 1888, ana sayar wa masu burodi da majema gwaiduwar.

To, me ya sa a koma baya? Bayan 1871, da Richard Maddox ya nuna hanyar busasshen gilashi, a hankali aka watsar da tsohuwar hanya. Littattafan koyarwa sun rage, amma hannuwan da suka san aikin sun ƙare. Waɗanda suka farfaɗo da shi, irin su John Coffer, da Mark Osterman tare da matarsa France Scully Osterman, sun tarar cewa littafi ba ya faɗin kome duka. Ba ya gaya maka yadda kolodiyan zai ji a yatsa in ya isa tsomawa. Kayan ma sun sāke. Takardar dā ta tsumman auduga ce da lilin, yawancin ta yau kuwa ana sa mata alli, wanda yake ɓata aikin azurfa. Ruwan famfo mai gishiri yakan gurɓata ruwan azurfa nan da nan, sai tataccen ruwa na ɗakin gwaji. Osterman ya yi shekaru yana koyar da wannan a gidan tarihin George Eastman da ke Rochester a Amurka, kuma da yawa daga cikin ɗalibansa masu adana tsofaffin hotuna ne.

A ganinmu wannan shi ne babban amfanin aikin. Yawancin hotunan farin ƙwai da suka rage sun koma rawaya, suna dusashewa, musamman inda akwai laima da zafi. Ba wanda zai yarda a yi gwaji a kan hoton 1860 guda ɗaya tilo. Amma in an yi sabo da hanyar dā, ana iya sa shi a zafi da laima a ga abin da yake kashe shi. Haka kuma wanda ya yi aikin da hannunsa yakan iya karanta tsohon hoto daidai. Kolodiyan yana jin shuɗin haske, ba ya jin ja ko rawaya. Don haka sararin sama yakan fito fari fat ba gajimare, jar riga ta fito baƙa, fatar mutum ta fi yadda take duhu. Mutanen da muke gani sun ƙame ba murmushi kuwa, sau da yawa akwai ƙarfe a bayan wuyansu yana riƙe kansu har a rufe kyamara.

Ga ɗalibanmu masu son gwaji, kashedi. Ruwan azurfa yana baƙanta fata har kwanaki, in ya shiga ido yana iya makantarwa. Eta tana kama wuta ko daga nesa da fitila. Masu hoto na dā sukan wanke gilashi da sayanaid, gubar da ta kashe waɗansunsu. Ɓangaren takardar ƙwai shi ne mai sauƙin haɗari, har ba ya bukatar kyamara, domin ganyen mangwaro da aka danne da gilashi a rana zai bar siffarsa a kai. Shi ma sai a ɗakin gwaji, da tabarau da safar hannu, malamin kimiyya yana tsaye.