Yadda Za Ka Zaɓi Littafi Mai Tsarki Na Nazari

'Yan uwa ɗalibai, da yawa muna da Littafi Mai Tsarki a akwati, amma sai ranar Lahadi ake kaɗe masa ƙura. Mutum ya buɗe, ya ci karo da sunayen sarakuna da ƙasashen da bai sani ba, sai ya rufe. Domin irin wannan aka yi Littafi Mai Tsarki na nazari: nassi a sama, bayani a ƙasan shafi, ga taswirori, ga gabatarwa a farkon kowane littafi.

Kafin ka saya, fara duba fassarar. Ɗauki harshen da kake ganewa ba tare da ƙamus ba. Cikakkiyar fassarar Hausa tana nan tun 1932, kuma ba laifi ka ajiye ta kusa da na Turanci. Ɗan cocin Katolika ya lura cewa nasu littattafai 73 ne, na Furotesta kuwa 66.

Sai ka tambayi kanka abin da kake nema. In kana son komawa ga addu'a da gyaran hali, Life Application Study Bible ya fi karkata can. In tarihi ne, akwai Archaeological Study Bible na 2005. Africa Study Bible kuma masanan Afirka ne suka rubuta bayanansa.

Ga gwaji mai sauƙi da za ka yi tun a shago. Buɗe 2 Sarakuna sura 18, inda Sennakerib sarkin Assuriya ya kawo wa Yahuza yaƙi a zamanin sarki Hezekiya. Littafi mai kyau zai gaya maka shekarar, wato 701 kafin haihuwar Almasihu, ya nuna maka garin Lakish a taswira. Zai kuma ambaci rubutun da Sennakerib da kansa ya bari a kan yumɓu, wanda a ciki ya yi alfaharin tsare Hezekiya a Urushalima, amma bai ce ya ci birnin ba. In ba ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, littafin ba na mai neman tarihi ba ne.

A kula: bayanan ƙasan shafi ba nassi ba ne. Mutane ne suka rubuta su, kuma kowa da ra'ayin ɗarikarsa. Karanta surar tukuna, sannan ka sauko ga bayani. Abin da ya shige maka duhu, kai wa malamin addini ko fasto.

Littattafan nan suna da tsada. Kafin ka tambayi iyaye kuɗi, ari na wani ka gwada shi na mako guda.