Daga Tsallen Tsuntsu Zuwa Maganin Sauro

Kwanakin baya ina duba takardun ɗalibaina na darasin fassara, sai na ci karo da wani abin mamaki. Na ba su wata jimlar Ingilishi mai bayyana yadda ɗan tsuntsu ke tashi daga reshe zuwa reshe, wani yaro kuwa ya fassara ta da cewa tsuntsun yana fesa wa rassa maganin sauro. Na ɗauki jan biro zan soke, sai na dakata, domin abin da kunnensa ya saba ji ne ya rubuta. Kalmar da ta kayar da shi ita ce "flit".

A Ingilishin Ingila, "flit" na nufin motsi mai sauri marar nauyi, irin na jemage da magariba ko na malam-buɗe-littafi a kan fure. Ana kuma faɗar ta ga tunanin da ya gilma a zuciya, ko mutumin da ba ya daɗewa a kan sana'a ɗaya. Bahaushe ba ya rasa abin cewa a nan: ya tashi fir, ya yi wuf, ya wulga.

Sai dai ita ma kalmar baƙuwa ce a can. Turawan Ingila sun aro ta ne daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, inda take nufin ɗaukar abu a sauya masa wuri, ta kuma bayyana a rubuce wajen shekarar 1200. Har gobe a Sikotilan da arewacin Ingila ana amfani da ita da ma'anar tashi daga gida zuwa wani. Ɗan hayar da ya kwashe komatsansa da tsakar dare don gudun mai gida, da wannan kalma ake ba da labarinsa.

To ina sauro ya shigo? A 1923 kamfanin Standard Oil na Amurka ya fitar da wani maganin ƙwari mai suna Flit, wanda ake fesawa da famfon hannu. Ya bazu har ya iso kasuwanninmu, sunansa ya koma "filit" a bakin Bahaushe, a Ingilishin Nijeriya kuwa ya zama aikatau mai nufin fesa wa ɗaki magani. Haka Omo ya zama sunan kowane garin sabulu, Maggi ya zama na kowane ɗanɗanon miya.

Abin da nake so malamai 'yan uwana su lura da shi ke nan. Ma'anar da yaron ya sani ba jahilci ba ce, tarihi gare ta. A Janairun 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Nijeriya, har da Kannywood. Amma kuma idan muka bar ɗalibi da ma'ana ɗaya tilo, mun cuce shi, domin ranar jarrabawa ko a teburin fassara ba za a yi masa uzuri ba. Aikinmu shi ne mu nuna masa duka biyun, da muhallin kowace.

Na ba yaron rabin maki, na kuma mai da kuskurensa darasin mako. Allah ya sa mu dace.